Tsibi na Bakwai: Yadda Tarkacen Kwal Ya Rufta wa Wani Ƙauye a Wales

## Ƙauyen da dutsen da ke bayansa

Ƙauyen Aberfan yana kwance a kwarin kogin Taff, a kudancin Wales ta Birtaniya, kimanin kilomita shida kudu da garin Merthyr Tydfil. Kafin zuwan masu haƙar kwal, wurin gonaki ne da 'yan gidaje ƙalilan. A 1869 aka fara haƙa ramin Merthyr Vale, kwal na farko ya fito a 1875, daga nan gidajen ma'aikata suka jeru layi-layi a gindin dutse, da majami'u da makarantu. Zuwa 1966 jama'ar wurin sun kai kusan 5,000, kuma da wuya a sami gidan da abincinsa bai rataya a kan ramin ba.

Kowane ramin kwal abu biyu yake fitarwa. Akwai kwal da ake sayarwa, akwai kuma tarkacen da ba mai saye, wato duwatsun da ake fasawa kafin a kai ga kwal da ɓaraguzan da ake tsincewa ko a wanke daga jikinsa. Kwaruruwan kudancin Wales matsattsu ne. Kogi da hanya da layin dogo da gidaje sun cinye ɗan filin da ke ƙasa, saboda haka da wurin zubarwa ya ƙare a gindin kwari, sai aka hau gangaren dutsen Mynydd Merthyr, daidai saman ƙauyen.

Sai an san ginin wannan dutse kafin a fahimci sauran labarin. Jikinsa dutsen yashi ne mai tsage-tsage, yana shan ruwan sama kamar soso. A ƙarƙashinsa akwai shimfiɗar da ruwa ba ya ratsawa, a kan fuskar gangaren kuma akwai rufin yumɓu gauraye da duwatsu. Ruwan da ya shiga ciki ba ya iya nutsewa ƙasa, ba ya kuma iya fita sai inda yumɓun ya yi siriri ko ya ƙare, a nan yake ɓuɓɓugowa ya zama idon ruwa. Haƙar kwal a can ƙarƙashi ta ƙara buɗe tsagogin. Yankin yana samun ruwan sama kusan milimita 1,500 a shekara. Idanun ruwan suna cikin taswirorin hukuma tun 1874, yaran ƙauyen kuma sun saba wasa a ƙoramun da ke fitowa daga cikinsu.

## Daga shekarun 1910 zuwa 1958: tsibi shida, gargaɗi uku

An fara zuba tarkace a gangaren a shekarun 1910. Ba a daɓe shi, ba a shimfiɗa shi hawa-hawa. Daga sama ake juye shi, ya gangara ya tsaya inda ya ga dama. Irin wannan tsibi sako-sako ne, akwai sarari mai yawa tsakanin ƙwayoyinsa, gefensa kuma yana tsayawa ne daidai iyakar miƙewar da tarkacen zai iya jurewa, babu rara. Ɗan canji a gindinsa ya isa ya motsa shi.

A 1927 Farfesa George Knox ya gabatar wa ƙungiyar injiniyoyin kudancin Wales lacca kan zaftarewar ƙasa a kwaruruwan yankin, inda ya nuna ruwa ne babban sanadi. A Disamba 1939, a Cilfynydd, kimanin kilomita takwas ƙasa a cikin wannan kwarin, tan 180,000 na tarkace suka zame, suka haye babbar hanya da hanyar ruwan jiragen kaya, suka toshe kogin Taff. Ba a rasa rai ba. Bayan haka aka rubuta takardar jagora a kamfanin Powell Duffryn mai ramin kwal na Cilfynydd: a taƙaita tsawon tsibi, a yi magudanai da za su tare ruwan da ke saukowa kafin ya shiga tarkace, kada kuma a taɓa zuba tarkace a kan idon ruwa ko ƙasa mai dausayi. Takardar ta kwana a durowa shekara da shekaru.

Gargaɗi na uku a bayan ƙauyen kansa ya faru. Tsibi na huɗu, wanda aka fara a 1933, an ɗora shi a kan dausayi tsakanin ƙoramu biyu. Da aka ga yana motsi, aka haƙa masa magudana a farkon 1944. A Nuwamba na wannan shekarar wani sashensa ya ɓalle, ya yi gudun kusan mita 490, ya tsaya saura kimanin mita 150 ya kai ƙauyen. A 1945 aka bar shi aka koma na biyar, shi ma a kan ruwa yake, gindinsa kuma ya riƙa kumbura. An bar na biyar a 1956. Na shida shekara biyu kawai ya yi, aka dakatar da shi saboda wani manomi ya yi ƙorafin tarkace na zubo masa cikin gona.

A tsakanin nan, ranar 1 ga Janairu 1947, gwamnatin Birtaniya ta mayar da ramukan kwal hannunta, aka kafa Hukumar Kwal ta Ƙasa. A tsarin aiki, tsibin tarkace suna ƙarƙashin injiniyoyin injuna, waɗanda saninsu ya shafi igiyar ƙarfe da taragu da injin ɗaga kaya. Halin ƙasa da tafiyar ruwa a cikinta fannin injiniyoyin gine-gine ne.

## 1958 zuwa 1965: tsibi na bakwai da koke-koken mutanen gari

An fara tsibi na bakwai a bazarar 1958. Jami'an ramin ne suka zaɓi wurin, ba tare da awon fili ko haƙa ramin gwaji ko nazarin duwatsun ƙasa ba. Yadda aikin yake: a loda tarkace a ƙananan taragu, inji ya ja su da igiyar ƙarfe su hau gangare, a kan tsibin kuma injin ɗaga kaya ya ɗauki tarago ya kife shi a baki. Duk lokacin da bakin ya ci gaba, a ƙara dogo. A haka tsibin ya yi ta rarrafe har ya hau kan idanun ruwa ya rufe su.

Daga farkon shekarun 1960 aka fara haɗawa da wani irin datti dabam, guggubin da ke saura bayan an tace garin kwal a wajen wanki. Laushi gare shi ƙwarai, idan ya bushe ya yi tauri, idan ya sha ruwa ya zama kamar kunu.

A ƙasa kuwa, abin da mutane suka fi gani shi ne ambaliya. Tsakanin 1952 da 1965 unguwar Pantglas da ke cikin ƙauyen ta sha ambaliya mai tsanani aƙalla sau 11. Mazauna sun ce ruwan baƙi ne, idan ya janye yana barin maiƙo. Daga Yuli 1963 zuwa Maris 1964 injiniyoyin majalisar garin Merthyr Tydfil suka yi ta musayar wasiƙu da Hukumar Kwal kan haɗarin taɓon kwal da ake zubawa a bayan makarantun Pantglas.

Tsibin ya ɗan motsa a Mayu 1963. A Nuwamba ya yi zamewa babba. Hukumar ta ce guggubi ne kawai ya kwaranyo daga fuskarsa, zamansa bai taɓu ba. Matakin da ta ɗauka shi ne daina kai guggubi can, sauran tarkace kuwa aka ci gaba da zubawa kullum. A farkon 1965 majalisar gari da hukumar suka zauna, hukumar ta yarda za ta gyara toshassun bututu da lambatun da ke haddasa ambaliya. Har Oktoba 1966 ba a yi aikin ba. A 1965 ɗin dai, bayan wani ɓallewar guggubi a ramin Tymawr, aka zaƙulo takardar 1939 aka sabunta ta, aka umarci injiniyoyin injuna da na gine-gine su duba tsibi tare. A yankin da ramin Merthyr Vale yake ba a yi duban haɗin gwiwar ba.

Akwai wani abu da bai shiga wasiƙu ba. A shekarun 1960 ana ta rufe ramukan kwal a Wales. Ɗan majalisar yankin, S. O. Davies, ya shaida daga baya cewa ya ji tsoron tsibin, amma ya ji tsoron matsa lamba kada a rufe ramin. Kwamitin binciken da aka naɗa bayan bala'in bai karɓi shaidar tasa ba.

Zuwa Oktoba 1966 tsibin ya kai tsawon mita 34, yana ɗauke da tarkace mita kubik 227,000, daga ciki 23,000 guggubi ne. Duka bakwai ɗin sun kai kusan mita kubik miliyan 2.

## Juma'a, 21 ga Oktoba 1966

A makonni uku na farkon Oktoba an yi ruwa kusan milimita 170, kusan rabinsa a mako na uku. Da ƙarfe 7:30 na safiyar Juma'a masu aikin tsibi suka iso suka tarar kansa ya nutse kimanin mita uku, dogon da ke baki ya faɗa ramin. Babu wayar tarho a wurin, an cire ta saboda yawan satar waya, sai mutum ɗaya ya sauka da ƙafa ya kai rahoto. Amsar da ya komo da ita: a daina zubi yau, mako mai zuwa za a duba sabon wuri.

Da ƙarfe 9:15 gindin tsibin ya kumbura ya fashe. Kimanin mita kubik 110,000 suka taho, gudunsu tsakanin kilomita 18 da 34 a awa, tsawon igiyar taɓon mita shida zuwa tara. Sun bi ta kan gidaje biyu na gona suka kashe waɗanda ke ciki, suka yi tafiyar kusan mita 640. Kusan mita kubik 38,000 suka haye tsohuwar hanyar ruwa da tudun layin dogo suka shiga gari. A hanya sun fasa manyan bututun ruwa biyu, ruwan famfo ya ƙara tsinka taɓon. A kan dutse sarari ne, a cikin kwari kuwa hazo ya rufe, mutanen ƙasa ba su ga komai ba, ƙara kawai suka ji, wasu suka ce kamar jirgin sama, wasu kamar tsawa.

Makarantar firamare ta Pantglas da ke titin Moy ce a gaba. Ranar ce ta ƙarshe kafin hutun tsakiyar zango, da tsakar rana za a tashi yara. Taɓo ya cika azuzuwan da ke fuskantar dutse. Gidaje 18 sun rushe, makarantar sakandare da ke kusa ta lalace.

Mahaƙan ramin suka baro aiki suka zo, suka haƙa ramuka don karkatar da ruwan da ke ci gaba da saukowa. Lokaci-lokaci a busa usur, kowa ya tsaya cik a saurara ko za a ji motsi. Bayan ƙarfe 11 na safe ba a ƙara fito da mai rai ba. Mutum 144 suka rasu, yara 116 da manya 28. Daga cikinsu yara 109 da malamai biyar a firamaren suke. Majami'ar Bethania ta zama wurin ajiye gawa. Ranar 27 ga wata aka binne yara 81 da mace ɗaya tare, washegari aka tono gawa ta ƙarshe.

Shugaban Hukumar Kwal, Lord Robens, ya wuce bikin naɗa shi uban Jami'ar Surrey, bai iso ba sai yammacin Asabar. Ya gaya wa 'yan jarida cewa babu yadda za a yi a san da idon ruwa a cikin tsibin.

## Nuwamba 1966 zuwa Agusta 1967: bincike

An naɗa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Edmund Davies, tare da injiniya Harold Harding da Vernon Lawrence. Ya zauna kwana 76, ya saurari shaidu 136, rahotonsa ya fito ranar 3 ga Agusta 1967. Binciken ƙasa kuwa Farfesa Alan Bishop na Imperial College a Landan ne ya jagoranta.

Ga yadda masana suka bayyana abin. Ruwan Oktoba ya cika tsagogin dutsen yashi, matsinsa ya ƙaru a ƙarƙashin yumɓun da gindin tsibin ke zaune a kai. Abin da ke riƙe tarkace shi ne gogayyar ƙwayoyinsa, gogayya kuma tana zuwa ne daga nauyin da ke danna ƙwaya a kan ƙwaya. Idan ruwan da ke tsakani ya ɗauki wani kaso na nauyin, gogayya ta ragu. Sai tsibin ya fara zamewa a hankali a kan layin da motsin baya ya riga ya goge ya yi santsi, shi ya sa kansa ya nutse da dare. Wannan motsi ya girgiza tarkacen gindi, wanda sako-sako ne kuma jiƙe sharkaf. Ƙwayoyin suka nemi matsewa, ruwa bai sami hanyar fita da sauri ba, nauyi duka ya koma kansa, tarkacen ya zama ruwa-ruwa. Wanda ya taɓa bubbuga jiƙaƙƙen yashin bakin kogi da ƙafa ya ga yadda yake narkewa ya san abin. Da gindi ya tafi, na sama ya biyo. Zamewar ta kuma yaye rufin yumɓu, ruwan da ke maƙare cikin dutse ya sami ƙofa, ya biyo baya da taɓo.

Kwamitin ya ɗora laifi a kan Hukumar Kwal, ya ce tushen abin shi ne ba ta da wata manufa game da zubar da tarkace, dokar ma'adinai ta lokacin ma ba ta ce komai a kai ba. Ya ambaci ma'aikata tara da sunayensu. Ya ce abin da ya gano jahilci ne da rashin iya aiki da rashin isar da magana, ba mugunta ba. Zancen ɓoyayyen idon ruwa bai tsaya ba. Ba wanda aka gurfanar, ba wanda aka kora. Robens ya miƙa takardar murabus, gwamnati ta ƙi karɓa.

## 1967 zuwa 2007: kwashe tsibin da rigimar kuɗi

Hukumar Kwal ta fara tayin diyyar fam 50 kan kowane yaro, daga baya ta kai 500. Asusun agajin da magajin garin Merthyr Tydfil ya buɗe ya sami gudummawa kusan 88,000, kuɗin ya kai fam miliyan 1.75. Hukumar kula da ƙungiyoyin agaji ta yi ta jan ƙafa kan nawa za a ba iyaye, har aka kawo shawarar a binciki ko iyayen sun shaƙu da 'ya'yansu kafin a biya. A ƙarshe kowane gidan da aka yi wa rasuwa ya sami fam 5,000.

Sauran tsibin suna nan a saman gari. Matsayin hukuma da gwamnati shi ne ba su da haɗari, gyaran fuska da shuka ciyawa sun isa. Mutanen ƙauyen suka kafa kwamitin neman a kwashe su. Wasiƙu da zama ba su kai su ko'ina ba. A Yuli 1968 suka tafi ofishin harkokin Wales a Cardiff da buhunan taɓon kwal suka juye a ciki. Ministan harkokin Wales, George Thomas, ya amince a kwashe, da sharaɗin mutanen wurin su sa hannu a kuɗin. Aka ciri fam 150,000 daga asusun agaji. Aka kwashe tarkacen, aka baje abin da ya saura, aka yi magudanai.

A 1997 minista Ron Davies ya mayar da fam 150,000 ɗin, ba kuɗin ruwa, ba ƙarin faɗuwar darajar kuɗi. A 2007 gwamnatin Wales ta ba ƙungiyoyin agaji biyu na ƙauyen fam miliyan 2. Filin makarantar yanzu lambun tunawa ne.

## 1969 zuwa yau: doka da abin da ya biyo bayan rufe ramuka

Dokar tsibin ma'adinai ta 1969 da ƙa'idojinta na 1971 sun wajabta wa mai rami ya tabbatar da zaman tsibinsa. Tsibin da faɗinsa ya wuce murabba'in mita 10,000, ko tsawonsa ya wuce mita 15, ko gangaren da yake kai ya wuce ɗaya cikin goma sha biyu, a ƙarƙashin ƙa'idojin na lokacin ya shiga ajin da dole a bincika ƙasar kafin a fara, a rubuta ƙa'idar zubi, a naɗa ƙwararre mai dubawa, a ajiye rahoto. Hukumar Kwal ta sauya yadda take zubi: shimfiɗa hawa-hawa ana daɓewa, kwantar da gefe, magudanai a ƙarƙashi da kewaye.

An rufe ramin Merthyr Vale a 1989, sauran ramukan kwarin ma suka bi. A Fabrairu 2020, lokacin guguwar Dennis, kusan tan 60,000 suka zame daga wani tsohon tsibi a Tylorstown suka shiga kogi. Ba a rasa rai ba. Ƙididdigar gwamnatin Wales ta Nuwamba 2023 ta nuna tsofaffin tsibi 2,566, daga ciki 350 suna ajin da ke bukatar dubawa a kai a kai. A Nuwamba 2024 taɓo ya shiga titunan Cwmtillery, aka kwashe mutane daga gidajensu.

## Auna lamarin

Duk matakan da aka ɗauka kafin 1966, an bar jaki ana dukan taiki. Magudanar 1944 an haƙa ta bayan tsibi ya riga ya zauna a kan dausayi. Sauya wuri daga na huɗu zuwa na biyar zuwa na bakwai bai canja komai ba, tunda ba a sauya yadda ake zaɓen wurin ba. Daina kai guggubi ya cire abin da ido ke gani, ya bar ruwan da ke ƙasa. Gyaran lambatu, ko da an yi shi, ambaliyar titi zai rage. Rashin waya a kan tsibi ma, da ake yawan ambata, bai kai nauyin da ake ba shi ba: masu aikin sun ga kan tsibin yana nutsewa sau da dama a baya, ba wanda ya koya musu cewa alamar a kwashe mutane ce, don haka ko da waya a hannu, abin da za su faɗa shi ne dogo ya lalace.

Ilimi bai yi ƙaranci ba. Abin da ƙa'idojin 1971 suka wajabta bai yi nisa da abin da takardar 1939 ta shawarta ba. Bambancin shi ne yanzu akwai mutum ɗaya mai suna da aka ɗora wa tsibin, mai sanin halin ƙasa, wanda zai sa hannu a rahoto. A da, wanda ke da iko a kan tsibin bai san ƙasa ba, wanda ya san ƙasa kuma ba a aike shi can ba. Har ma'aunin haɗari na ma'aikatar bai kama abin ba, domin mahaƙan da suka ji rauni ake ƙirgawa, zamewar 1939 da 1944 da 1963 kuwa ba su taɓa mahaƙi ko ɗaya ba.

Game da kwashewa, mai yiwuwa injiniyoyin da suka ce za a iya tsare sauran tsibin da magudanai suna da hujja a lissafi. Amma tabbacin daga bakin hukumar da ta ba da tabbaci a 1963 yake fitowa, kuma magudana sai da mai share ta har abada. Kwashewa ce kaɗai ba ta dogara da alƙawarin kowa ba, a nan mutanen ƙauyen suka fi gaskiya. Cirar kuɗin daga asusun marayu da masu makoki kuwa ba ta da madafa.

Raunin dokar 1969 ya fito ne bayan ramuka sun mutu. An gina ta a kan rami mai aiki da manaja mai ofis. Ga tsibin da aka bari, ƙananan hukumomi ta ba izinin shiga su gwada su tilasta gyara, ba ta wajabta musu dubawa ba, da yawan tsibin kuma suna filayen mutanen da ba su taɓa haƙar kwal ba. Hukumar bitar dokoki ta nuna wannan giɓi a rahotonta na 2022. A 2025 majalisar Wales ta zartar da sabuwar doka da za ta kafa hukuma ta musamman don rajista da duba tsofaffin tsibi, an tsara ta fara aiki a Afrilu 2027.